Girar Baban Chinatsu

Ranar da Chinatsu ta fara aiki a wani kamfanin wasannin waya a Fukuoka ta ƙasar Japan, ta tarar da wani mai zane, Ryohei, yana liƙa zanensa a bango: jarumi, dattijo mai hikima, wawa, azzalumi.

"Duk labarin duniya da waɗannan yake tafiya," in ji shi. "Ke wace ce a ciki?"

Ta daɗe tana kallon azzalumin. "Wadda za ta gyara maka kalolin nan."

Shi ke nan, gogan naka ya faɗa tarkon so.

Azzalumin nan kuwa fuskar wani mai kifi ce. Ryohei ya gan shi sau ɗaya a kasuwa, da gira kamar tsintsiya, ya zana shi bai tambaya ba. Wasa ya karɓu, soyayya ta yi nisa.

Ranar da ya je neman aure, wa zai buɗe ƙofa? Mai gira.

Ryohei ya zube, goshi a tabarma. "Baba..."

"Wane ne babanka?" in ji tsoho Gonda, mahaifin Chinatsu. "Yara har rumfata suke zuwa suna ihun Dodon Kifi. Kallo ɗaya ka yi mini ka yanke ni mugu ne. Fita!"

Kunya ta hana Ryohei ko cin abinci. Sai ga saƙon Chinatsu:

"Ryo nawa, tun ranar farko na gane shi. Na yi shiru don kar ka guje ni. Da hannuna na sa wa girarsa kala. Na fi ka laifi."

Ya amsa: "A'a, 'yar kalata. Ni ne ban kalle shi da kyau ba. Bari in je in kalla."

Kullum da safe yana rumfar yana wanke akwatuna. A nan ya ga Dodon Kifi yana ware wa wata tsohuwa tsoka mai laushi, yana cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya don ba ta da haƙora. Ryohei ya juya baya ya share ido.

A sabon babin wasan, dodo ya zama mai gadin gari. Kafin babin ya fito, Ryohei ya miƙa wa tsoho wayar da hannu biyu.

Tsoho ya duba, ya sake dubawa. "Girar ta yi yawa." Can ya ƙara, "Ka ci abinci kuwa, ɗana?"

Ranar biki Gonda ya haɗa hannayensu, girar nan tana rawa.

"Ku zauna lafiya, ku tsufa tare. Jikokina kuwa, ka tambaye su kafin ka zana."