Yatsu Uku na Likita Kailani

An binne Likita Kailani ranar Talata da hantsi, cikin bazarar 1959, a Tudun Wadan Zariya. Sanƙarau ne ajalinsa. Aikinsa tiyatar baki da muƙamuƙi ne, amma da annobar ta yi tsanani sai ya ajiye nasa aikin ya shiga rumfar da aka keɓe wa masu cutar. A can ya ɗauka. Bai cika shekara arba'in ba.

Matarsa Zinariya ba ta ga jana'izar ba, daga ɗaki ta ji ta. Ta ji kekunan ɗinki na layinsu sun yi shiru. Ta ji takun mutane yana wucewa kamar ba zai ƙare ba. Sista Adaugo, nas ɗin da ta yi aiki da mamacin tun zuwansa garin, ta leƙa waje ta dawo ta ce 'yan uwanta 'yan Kudu sun rufe shaguna sun tsaya bakin hanya da huluna a hannu, ɗaliban makarantar unguwar Kongo ma sun zo a ƙafa. Ta ce har Labaran wanzami yana cikin masu ɗaukar makara, an yi an yi ya ba wani ya ƙi.

Zinariya ba ta yi kururuwa ba. Ta haɗa yatsu uku na hannun dama, ta jera su a tsaye tsakanin haƙoranta na sama da na ƙasa, ta riƙe. Matan da ke zaman makoki suka ɗauka kuka take dannewa. Sista Adaugo kaɗai ta san awo take yi.

Tana 'yar shekara bakwai ta faɗo daga katanga, haɓarta ta daki turmi. Ciwon ya warke, amma muƙamuƙin ya riƙa ƙagewa a hankali har ya manne. Labaran wanzami ya cire mata haƙori ɗaya na gaba don kunu ya sami hanya. Ta wannan 'yar kafa ta rayu shekara goma sha bakwai, daga kunu sai koko sai fura mai ruwa. Tana magana, amma ta cikin haƙora, sai wanda ya saba da ita ke ganewa. Ƙannenta mata duk suka yi aure suka bar ta a gida. Ba saurayin da ya taɓa aiko a yi masa sallama da ita.

Likita Kailani ya iso Zariya a 1953, daga karatu a Ingila. An ba shi gida a unguwar Turawa, ya ce ya gode, ya kama haya a Tudun Wada cikin maɗinka. Ranakun aiki yana asibiti. Ranar Asabar kuwa sai ya shimfiɗa tabarmi a zaurensa, ya kafa kujera ɗaya da risho na dafa ƙarafan aiki, duk mai ciwon baki ya zo. Wanda ciwonsa ya kai na tiyata, shi zai kai shi asibiti ya tsaya masa. Ya ɗinke leɓen jariran da aka haifa da shi a tsage. Ya ɗaure muƙamuƙin 'yan dako da waya. Dokarsa ɗaya ce, ba ya karɓar komai. Wata tsohuwa daga Kwangila ta taɓa ajiye masa ƙwaryar gyaɗa a bayan ƙofa ta sulale; ya hau keke ya bi ta da ita har gida.

Mahaifin Zinariya, Malam Nagoda maɗinki, shi ya kai ta zauren, ta rufe rabin fuska da mayafi. Likita ya durƙusa daidai fuskarta, ya yi mata tambaya ita, ba uban ba. Ta amsa ta cikin haƙora. Malam Nagoda ya buɗe baki zai fassara, Likita ya ɗaga hannu ya ce ya ji, cewa ta yi tana tsoro. Tunda take, wannan ne karo na farko da baƙo ya gane maganarta. Sai ya tambaye ta, in bakin ya buɗe, me za ta fara ci.

"Rake," in ji ta.

Ya yi dariya, ya ce ta zaɓi mai wuya.

An yi tiyatar a farkon 1954. Da ta farfaɗo, ya gaya mata gaskiya, yanka rabin aiki ne. Ƙashin zai nemi ya sake mannewa, kuma ita kaɗai za ta hana shi. Ya ba ta wasu siraran katakai, irin waɗanda ake danne harshe da su, ya ce kullum ta jera su tsakanin haƙora, ta riƙa cusa ƙarin ɗaya ko da hawaye na zuba. Ranar da yatsunta uku suka shiga a tsaye ba tare da dole ba, ranar zai sallame ta.

Duk Asabar tana zuwa awo. Ba ta daɗe ba ta lura kullum ita yake ajiyewa ƙarshen layi, sai kowa ya watse. Awon ba ya ɗaukar lokaci, hira ce ke ɗauka. Shekarun da ta yi ba a gane maganarta ta yi su ne tana sauraro, don haka ta san Tudun Wada fiye da kowa: gidan da ake ɓoye yaro mai kumburin baki don kunya, da uwar da ke tsoron asibiti. Ta riƙa gaya masa, shi kuma ya riƙa bi gida gida. Wata rana Sista Adaugo tana wanke ƙarafa ta tambaya, ba ta ko juyo ba, wai shin wannan bakin ya fi na kowa wuyar aunawa ne. Likita ya yi kamar bai ji ba. Zinariya ta ja mayafi.

Malam Nagoda kuwa godiya ta hana shi sukuni. Ya aika da rago, aka dawo da shi. Ya zauna wata da watanni ya ɗinka babbar riga mai aska takwas da hannunsa, aka dawo da ita a naɗe yadda ya aika. Daga nan ya yanke shawarar ba da abin da ba a mayarwa. Zai ba Likita auren Zinariya sadaka, yadda ake ba malami ko mutumin kirki, ba sadaki daga gare shi, ba kayan komai. Ya sa yayarsa, Gwaggo Ishatu, ta ji ta bakinta. Zinariya ta rufe fuska da tafin hannu tana dariya, da baki buɗe. Gwaggo ta ce amsa ta samu.

Malam Nagoda ya aiki liman wurin Likita, amma magana ta riga shi isa. Labaran wanzami, wanda masu ciwon haƙori suka daina zuwa wurinsa tun da aka buɗe zauren, ya zauna a majalisar bakin kasuwa ya ce ai dama kyautar Likita da ƙugiya a ciki, mai kuɗi ya biya da kuɗi, talaka ya biya da 'yarsa. Da liman ya je da saƙon Malam Nagoda, Likita ya saurare shi har ƙarshe, kansa a sunkuye.

"A gaya wa Malam na gode," in ji shi. "Amma in na karɓa, gobe wane uba ne zai kawo mini 'yarsa bai tsaya lissafin da me zai biya ba?"

A unguwar ba wanda ya tuna an taɓa mayar da auren sadaka. Malam Nagoda ya daina zama a majalisa, ya kuma hana Zinariya taka zauren. Ita ma ba ta nemi zuwa ba. Ta tattara katakan ta tura ƙarƙashin gado. Da safe takan ji muƙamuƙin ya yi nauyi, ta ƙyale shi.

Ana tsakiyar damina Sista Adaugo ta shigo gidan da lemarta tana ɗiga. Ta gaisa da kowa, ta ja Zinariya ɗaki, ta sa ta buɗe baki. Yatsu biyu, su ma da ƙyar. Ta ce mutumin can ya rame, ya ƙona tukunyar ƙarafa har sau biyu, kuma duk Asabar sai ya sayi rake ya jingina bayan kujera, da yamma ya raba wa yaran layi.

"Ƙanwata, in bakin nan ya sake rufewa, ba zai buɗe kamar da ba. Kina fushi da shi, na yarda. Ki yi fushin da baki buɗe."

Ranar Asabar Gwaggo Ishatu ta yafa mayafi, ta kama hannun Zinariya, suka wuce ta gaban Malam Nagoda yana kan keken ɗinki. Yayarsa ce, bai iya hana su ba.

Zauren cike yake. Asabari kawai ya raba masu jira da kujerar Likita. Zinariya ba ta jira ƙarshen layi ba, ta ɗaga shi ta shiga.

"Zauna in auna," in ji shi, bai dube ta ba.

"Ba awo na zo ba, Likita. Ka mayar da rago, ka mayar da riga, ni ma ka mayar da ni. Cikin kayan biya ka lissafa ni?"

"Cikinsu aka kawo ki."

"Baba ne ya kawo godiyarsa, tasa ce. Ni ba ka tambaye ni ba."

Ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa.

"To, na tambaye ki."

"Godiya na gama yi maka tun ranar da na fara yin hamma. Wannan wani abu ne daban... kuma ka san shi, tunda kai ne kake ajiye ni ƙarshen layi."

Wadda ta saba tura magana ta tsakanin haƙora ba ta san ƙarfin muryarta ba. A bayan asabari kowa ya ji ta. Sista Adaugo ta duƙufa kan risho kamar ranar ta fara ganinsa.

"Zinariya... ba na neman auren wadda nake yi wa magani. Ba zan fara a kanki ba."

"To ka sallame ni."

Ya ce ta buɗe. Ta sa yatsu. Biyu. Ya daɗe yana kallonsu.

"A uku nake sallama."

"In uku suka shiga fa?"

"In turo kawuna da goro, kamar kowane manemi. In biya sadaki da hannuna. Malam yana da ikon ya kore ni."

Ta miƙa hannu.

"Ba ni katakan."

Wani tsoho mai kumburarren kunci a cikin layi ya ce Allah ya sa alheri, zauren ya amsa da amin.

Abin da ya rufe bayan ya buɗe ya fi taurin kai. Gwaggo Ishatu ta ce ta sha ganin Zinariya zaune bayan ɗaki, katakai a baki, gumi da hawaye sun haɗe a haɓa, tana cusa ƙarin ɗaya da gindin ludayi. Ba ta ƙara tsayawa hira a zauren ba. A auna ta a cikin layi kamar kowa, ta tafi. Ana girbin gero yatsu uku suka shiga. Likita ya sa Sista Adaugo ta sake dubawa don kada a ce ya yi son kai, sannan ya ce ya sallame ta. Washegari kawunsa ya yi sallama a ƙofar Malam Nagoda.

Malam Nagoda ya sa su zarya sosai kafin ya amsa, unguwa kuwa ta ga ya kyauta. Ranar ɗaurin aure ya fito da rigar nan mai aska takwas, ya ce wannan karon ba likita yake ba wa ba, surukinsa yake ba wa. Likita ya sunkuya aka zura masa. Iyakar sanin mutanen Tudun Wada, ita ce kaɗai abin da ya taɓa karɓa daga hannun wani. Da aka kai amarya, ta tarar da rake jingine a bakin gado. Ta ɓare shi da haƙoranta, yana zaune yana kallo, sai ya ce "Zinariyata."

Shekara huɗu suka yi. Ranar Asabar ita ke zama da mata da yara a zauren, tana koya wa waɗanda aka yi wa tiyata yadda ake jera katakai. Labaran wanzami ma haƙori ya kai shi kujerar wata rana, kunci kamar tulu. Likita ya cire masa, bai karɓi komai ba, bai kuma tayar da tsohuwar magana ba. Abin da ya roƙe shi kawai shi ne ya tara masa wanzaman unguwa ya nuna musu yadda ake dafa aska kafin a taɓa jariri. Labaran ya tara su.

Zinariya ta gama takaba cikin damina. Ba ta bar gidan ba, kuma duk Asabar tana share zauren ta shimfiɗa tabarmi. Kujerar na nan. Risho ba a kunna shi. Masu ciwon haƙori sun daina zuwa, amma akwai wata yarinya daga Tudun Jukun, Atika, 'yar shekara tara, wadda muƙamuƙinta ya manne bayan ƙyanda. Likita ya sa mata ranar tiyata a makon da ya kwanta. Uwarta na kawo ta har yanzu. Zinariya ta ba ta kunu ta gefen baki yadda ta sani, ta saurari maganarta, wadda ba mai ganewa sai ita. Ta nuna mata ƙunshin katakan da ta ajiye mata. Yarinyar ta ce in bakinta ya buɗe gwaiba za ta fara ci.

An ce za a turo wani likitan baki daga Ikko bayan damina. Damina ta wuce, an yi girbi. Har yau bai iso ba.