Jigidar Mansura da Sikelin Wake

"Casa'in da uku! Wayyo ni Mansura, casa'in da uku!"

Halilu ya sauke buhun da ke kafaɗarsa ya leƙa shagon da ke jikin zaurensu. Ga matarsa tsaye a kan sikelin da yake auna wake da riɗin manoman Yekuwa, ta cire takalma, ta cire har ɗankwali, sai ka ce ɗankwalin ne ya yi mata laifi.

"Sheri, masoyiyata, sauko mana, kada masu saye su zo su fara taya wannan buhun."

"Wasa ma kake yi? Shekaranjiya fa casa'in da ɗaya da rabi! Me na ci? Zogale ba mai, tuwo rabin malmala, kullum sai na taka har rijiyar bayan gari na dawo. Wata huɗu ina wannan rejim ɗin na rage jiki, abu ya sauka yau, gobe ya hau kamar guga!"

"Sajefam, ungozomarki, ta ce awo sau ɗaya a wata, can gidan likita. Ke kuwa sau uku a wuni. Ni dai na ga kin rage."

"Kai komai na yi ka ga ya yi." Ta sauko tana share ido da bakin zane.

Ba kwalliya ce ta hau da Mansura kan sikelin wake ba. Da ta haifi ɗanta na fari, gida ta tafi wankan jego, can Guci, wurin kakarta Iya Ƙande, uwar mahaifinta. Iya Ƙande mai ƙuli-ƙuli ce, shekara arba'in tana matse gyaɗa, kuma ba a taɓa yin jego a hannunta mace ta fita da ƙashin wuya a waje ba. Kunun kanwa safe da yamma, nama da yaji, fura da man shanu. Ranar da Mansura za ta koma ɗakinta, jigidar aurenta ta ƙi haɗuwa a ƙugu, sai da Iya ta ƙara mata duwatsu tsawon taƙi guda, tana ƙullawa tana taƙama: "Je ki, su ga daga gidan da kika fito."

Jiki bai tsaya nan ba. Ciki na biyu ya zo, ƙafafu suka kumbura, kai ya dinga sara, a wata na bakwai aka garzaya da ita asibitin Magariya. Ita ta tsira, ɗan bai zo da rai ba. Sajefam, wato ungozomar gidan likita, ta zaunar da su biyun ta gaya musu ba ɓoye-ɓoye: tansiyo ce, hawan jini. Ta rage jiki, ta bar kanwa da yawan gishiri da mai kafin ta sake ɗaukar ciki, in ba haka ba ba ta da tabbacin za ta tashi. Kilo casa'in da takwas aka rubuta a karnenta, wato katin asibiti, ran nan. Dangi kuwa an ce musu Allah ya karɓi abinsa, shi ke nan. Mansura ce ta roƙi Halilu har da rantsuwa kada maganar ta fita, don kada Iya ta ji an ce jegonta ne ya jawo.

To, abin da ka rufe da faifai, wani zai buɗe da ƙafa.

Gwaggo Zalika, ƙanwar mahaifinta, ta biyo ta Yekuwa daga wani suna, ta tarar da Mansura tana cin dafaffiyar rama ba ɗigon mai. Ta dubi kwanon, ta dubi wuyan yarinyar, ta tafa hannu.

"Innalillahi! Mansura, ke ce haka? Gidan mai awon wake, a rasa man miya?"

"Gwaggo, ni nake so."

"Rufe min baki! Wace mace ce ke son ganye gaya? Rufin asirin miji ma da iyaka."

Bayan kwana uku Malam Abdullahi, mahaifin Mansura, ya kira wayar Halilu. Bai ko amsa gaisuwa ba. "Ran Alhamis ina tafe da Iya. In ka gaji da ciyar da 'yata, rumbuna bai ƙone ba." Ya kashe.

Kamar abin haɗin baki, a makon nan ne aka yi bikin ƙanwar Halilu a Sassumbrum. Mansura ta ci shinkafar biki cokali kaɗan don kada a ce ta yi girman kai, ga shi kuma kwanakin al'adarta sun matso. Ta dawo ta hau sikeli: casa'in da huɗu. Ta zauna a kan buhu ta fashe da kuka.

"Ka gani? Dangina sun ce na rame, ƙarfenka ya ce na ƙara! Za su raba ni da kai a kan ramar da ban ma yi ba. In na ci in mutu, in na bari a kashe min aure!"

"Bari in gaya wa Baba gaskiya kawai."

"Ka rantse min fa! Kuma da wane baki za ka dubi surukinka ka yi masa zancen cikina?"

Halilu ya san gaskiya ta faɗa.

Nan Mansura ta yi wautar da 'yan mata da yawa ke yi. Ta ce tunda rabin malmala bai yi ba, bari ta bar duka. Talata ba ta ci ba, Laraba ba ta ci ba, sai ruwan tsamiya. In Halilu ya tambaya ta ce ta ci a madafa. Sikeli ya sauka zuwa casa'in da biyu, ta ji daɗi, ga idonta na ganin duhu-duhu.

Ran Alhamis da hantsi tana daka a tsakar gida ta ji tsayuwar amalanke a ƙofa. Ta ɗaga taɓarya, ƙasa ta juya mata. Abin da Iya Ƙande ta fara gani da ta sako ƙafa ke nan: jikarta kwance warwas a gindin turmi.

"Abdullahi! Zo ka ga abin da Zalika ta faɗa!"

Aka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo, aka kai ta ɗaki. A zaure kuwa Halilu ya durƙusa, kai a ƙasa, Malam Abdullahi na tsaye a kansa.

"Na ba ka yarinya kamar tulu, ka mayar min da ita kamar kara! Ga wake buhu-buhu har rufi! Me ta yi maka?"

"Baba, a yi haƙuri."

"Haƙuri na tambaye ka? Yunwa ce ko ba yunwa ba?"

Maganar ta zo wa Halilu har bakin leɓe. Ciki, jini, ƙugun mace, a gaban uban matarsa, ga kuma rantsuwa. Ya haɗiye ta.

"Baba... a yi haƙuri."

"To, shirunka ya amsa. Ta haɗa kayanta. Takardarta kuma ka aiko min kafin Juma'a ta sama."

Mansura tana jin komai daga ɗaki. Ta kama ƙafar kakarta. "Iya, don Allah kada ku tafi da ni! Wallahi bai taɓa hana ni ko ƙwayar gero ba. Shi ke zuwa har Dungas ya samo min kifi da kabeji. Ni na hana kaina!"

"Don me? Aljanu gare ki?"

Ba sauran wurin ɓuya. Ta jawo karne daga ƙarƙashin katifa ta faɗi komai: kumburin ƙafa, ciwon kai, jijjigar da ta kama ta a mota, maganar sajefam, har da kanwa da man shanu. Ta faɗa tana jiran tsawa.

Tsawa ba ta zo ba. Iya Ƙande ta matso kusa da ita.

"Ƙafa ta kumbura, kika ce? Har zobe ya ƙi fita a yatsa?"

"Eh, Iya."

"Haka Yakura ta yi." Yakura 'yarta ce ta fari, wadda ta rasu a kan gwiwa tun ba a haifi Mansura ba. "Muka ce iska ce. Muka yi ta hayaƙi." Ta ja hanci sau ɗaya, ta gyara ɗaurin zane. Iya ba ta kuka a gaban yara. "To, na ji wannan. Likita ce ta ce ki kwana biyu ba ci?"

"A'a. Sikeli ne ya ƙi sauka. Yau ya ce kaza, gobe ya ƙara kilo biyu."

"Tashi ki nuna min shi, wannan da ya fi ki hankali."

Ta tasa ta gaba har shago, ta ratsa ta tsakanin maza biyu ba ta dube su ba. "Hau. Ni ban san baƙi ba, karanta min."

"Casa'in da biyu."

"Kai, mai gidan, cika min ƙwaryar nan da ruwa." Halilu ya kawo da rawar jiki. "Shanye."

"Iya, duka?"

"Da na ce rabi?"

Mansura ta sha tana nishi har ta ga gindin ƙwarya.

"Karanta."

"Casa'in da uku... har da ɗan ɗori."

"Ikon Allah! Abdullahi, ka ga 'yarka ta yi kitsen kilo guda muna tsaye! Maza a kawo wata ƙwaryar mu gama kiwon yau, mu huta da rigima." Ta juyo kan Mansura, fuska ba wasa. "Sakarya! Shekara arba'in ina sayen gyaɗa. Wadda ta kwana a raɓa ta fi nauyi, in na shanya ta ta koma, man da ke cikinta kuwa bai ƙaru ba bai ragu ba. Mai sayen gyaɗa da nauyin safiya shi ke kuka da yamma. Jikin mace kuma ya fi gyaɗa shan ruwa: ki ci gishiri ya riƙe, wata ya zagayo ya riƙe. Ƙarfen nan ya san ruwa da tuwo da kitse? Buhu ya sani! Ku maza, ku ba mu wuri."

Da suka fita ta sa hannu ƙarƙashin rigar Mansura ta kamo jigida. Da hannunta ta ƙulla ta, ta san yadda ta bar ta, ɗam, ko tsinke ba ya shiga. Yanzu ta zura yatsu huɗu, ta juya su, har da sauran wuri.

"Dubi nan. Wannan ruwa ne?"

Mansura ta duba. Kullum jigidar na jikinta, amma wata huɗu idonta na kan lambar sikeli, ba ta taɓa lura ta sauko har kan kwatangwalo ba. Ta rufe baki da hannu, hawaye na zuba.

Iya ta fito zaure ta zauna a kan buhu kamar alƙali.

"Abdullahi, mayar da maganar takarda cikinka. Yarinya magani take yi, ciwon da ya ɗauke yayarka ne ya biyo ta. Sauran bayani na mata ne, zan yi maka a hanya. Ka zo raba aure da jin bakin Zalika, wadda ko tsayuwa ba ta yi ta tambaya ba."

Malam Abdullahi ya sunkuyar da kai. "Iya, ban sani ba."

"Da ka tambaya da hankali ai da ka sani. Kai kuma," ta nuna Halilu da sanda, "kunya ado ce, amma kunyar da za ta rushe gida ba ta da amfani. Ba ka iya gaya wa suruki, ni ina? Ba ni da kunne? Kana kallo za a ɗauke maka mata kana ta a yi haƙuri, a yi haƙuri, kamar akuyar da ta ci ƙulli!"

"Na yi kuskure, Iya."

"Ka yi. Amma ka riƙe mata amana har wuƙa ta kai wuya, wannan na gani." Ta ajiye sandar. "Ni ma na ɗura mata abin da na sani, ashe ba kowane jiki ke ɗauka ba. Shi ke nan, ba sai an maimaita ba."

Malam Abdullahi ya miƙa wa Halilu hannu. Halilu ya kama da hannu biyu, ya kasa ɗago ido.

Iya ba ta bi amalanke ta koma ran nan ba. Sati biyu ta yi a Yekuwa. Ta kafa doka: ci sau uku, kaɗan-kaɗan, yadda sajefam ta tsara, in Mansura ta sake taka sikelin wake, Halilu ya ɗinke ta a buhu ya kai kasuwar Guci. Awo sai na gidan likita, wata-wata. Ranar da aka ga sabon wata kuma a zare abin da ya yi yawa a jigida, a zuba a ɗan gwangwani.

Ba a ce abin ya zo da sauƙi ba. Akwai watan da awon likita bai motsa ba ko kaɗan, akwai na bayan Sallar Layya da ya ƙara kilo guda, Mansura ta dawo fuska a haɗe. Halilu gwangwanin kawai ya ɗauko ya kaɗa mata a kunne, kacau-kacau, har sai da ta yi dariya.

Bayan shekara da 'yan watanni tansiyo ta kwanta, sajefam ta ba da izini. Ciki ya zo, ana awo ana lura, ya tafi lafiya har wata tara. Mansura ta haifi 'ya mace, aka sa mata Yakura. Jego dai a Guci aka yi, wurin Iya, amma kunun bana ba kanwa, kuma duk maƙwabciyar da ta ce maijego ba ta cika ido ba, Iya kan ce mata, "Rai muke kiwo, ba rago ba."

Ranar arba'in Iya ta juye gwangwanin a faifai. Taƙi gudan da ta ƙara da hannunta ne ya dawo mata cif. Ta zura su a sabon zare, ta ɗaura wa jaririya a ƙugu, har ya zagaya da saura.

Ku 'yan mata, ku riƙe wannan. Jiki ba buhu ba ne, yakan hau ya sauka a wuni ɗaya, mai haƙuri da shi wata-wata shi ke ganin gaskiyarsa, mai yi masa horon yunwa kuwa gindin turmi zai tsinci kansa. Ku iyaye, ƙibar 'ya ba ita ce shaidar miji nagari ba, ku tambaya kafin ku yanke. Ciwon da aka ɓoye wa dangi kuma, su za su raɗa masa suna, sunan kuwa ba zai yi daɗi ba.