Walƙiya Cikin Tsohon Rumbu

Wata Laraba ce cikin bazara. Rana ta sunkuya bayan duwatsun Garhanga, amma zafi bai sauka ba tukuna. Kalla mai hoto ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya baje kayan aikinsa a kan farin ƙyalle. Matarsa Yalwa tana tuƙa tuwo a madafa, ɗiyarsu Mardiya, yarinya mai shekara goma sha huɗu, tana ɗaure awaki a turke.

Abin da ya zaunar da shi fulash ne, abin nan da ake ɗora wa kamara a ka, mai walƙawa in za a ɗauki hoto. Kwana uku ke nan ya ƙi kamawa. Ga shi daraktan lakwal, wato shugaban makaranta, ya ce ranar Asabar za a ɗauki hoton ƴan jarrabawa cikin aji mai duhu, har da Mardiya a cikinsu. Kalla ya kwance ƙusoshi huɗu da ƙaramin turnabis, ya buɗe cikinsa. Pil ɗin, wato baturan da ya manta a ciki, sun yi ruwa, sun bar farin gari a kan ƙarafan. Ya goge su da tsinke da ruwan lemun tsami. Ya gano wata ƴar waya da ta tsinke, ya sa ƙusa a garwashin Yalwa har ta yi ja, ya liƙe wayar da dalma. Da ya zuba sababbin pil sai abin ya fara kuka, wata siririyar ƙara mai hawa sama kamar sauro a kunne.

"Ya tashi!" in ji Kalla. "Yalwa, taho ki ga likita."

"Likitan da ya cinye mini garwashi," ta ce, ba ta ko juyo ba. "Tashi ka yi alwala, an kusa kira."

Amma Kalla yana son ya gwada ƙarfin hasken, tsakar gida kuwa da sauran ido. A bayan ɗakuna akwai tsohon rumbun ƙasa na kakansa, babba, mai hular ciyawa, wanda ba a zuba masa hatsi ba tun kafin a haifi Kalla. Kakan nan mutumin addinin gargajiya ne, sai da ya tsufa ya kama salla. Wasiyyar da ya bari game da rumbun ba ta da tsawo: kada a rushe shi, kada a haska cikinsa. Kalla ya san wannan sarai. Ya ce a ransa ƙiftawar ido ɗaya ce, maganar mutanen da ce kawai.

Ya jingina tsani, ya hau, ya ɗaga hular ciyawa. Bai yi sallama ba, bai yi bisimilla ba. Ya rufe idonsa na hagu kamar yadda ya saba, ya leƙa da na dama, ya zura hannu cikin duhu ya danna. Cikin rumbun ya yi fari tas. Ya jira abin ya sake cika, ya ƙara dannawa. A ta uku ya ji wani ɗan gajeren kuka daga can ƙasa, kamar na jinjiri, aka kuma katse shi kamar an toshe baki. Ya ce mage ce. Daidai lokacin ladan ya ɗaga murya.

Suna cin tuwo bayan magariba dutse ya faɗo tsakiyar akushi. Ba daga waje aka jefo shi ba, daga sama ya zo a miƙe. Yalwa ta ɗauka ta yar da sauri, ta ce da zafinsa kamar daga murhu. Wani ya biyo, wani ya sake biyowa, a kan kwanon ɗaki, a kan randa, a gaban ƙafar Kalla. Ba wanda ya taɓa jikin kowa. Da aka kira isha'i jifa ya tsaya, gidan ya yi tsit, awaki sun matse a wuri ɗaya suna rawar jiki.

Kashegari da almuru aka sake. A wannan karon har da wata murya daga bayan ɗakuna, ta mace, tana rarrashi a hankali kamar mai goyo. Kalla ya cire pil ɗin duka huɗu, ya sa fulash a jaka ya rataye. Suna zaune suka ji siririyar ƙarar nan tana hawa daga cikin jaka, sai haske ya fashe ta jikin fata. Maƙwabta suka fito suna duban sama, suna tsammanin hadari ne ya taso, alhali ko gizagizai babu.

Ranar Juma'a, rana tana ja a bakin tudu, Mardiya ta ɗauko bokiti daga rijiya. Ta kai tsakiyar gida ta tsaya. Ruwa yana zuba a ƙafarta ba ta motsa ba.

"Inna," ta ce a hankali, "mi ya sa dare ya yi da wuri haka?"

Yalwa ta kaɗa hannu a gaban fuskarta. Idanun yarinya a buɗe suke, garau, amma ba su bi hannun ba.

Da gari ya waye ganinta ya dawo. Kalla bai je lakwal ba ranar Asabar. Ya hau babur ya nufi garin Keita wurin Habu mai gyaran rediyo, ya ce fulash yana walƙawa shi kaɗai. Habu ya buɗe, ya nuna masa wata ƴar gwangwani a ciki, ya ce ita ke riƙe wuta ko an cire pil. Ya taɓa ta da turnabis ta yi tartsatsi, ya ce yanzu ko ƙwaya babu. Kalla ya ce shi dai ba ya son abin, a musanya masa da wani. Habu ya yi dariya, ya jefa tsohon cikin kwali, ya ba shi wani na hannu.

Da ya shigo gida da la'asar ya tarar da tsohon fulash a kan tabarmarsa, da tabon dalmar da ya liƙa da hannunsa. Wanda ya taho da shi daga Keita kuwa ya narke a cikin jaka kamar kitse. Mardiya tana zaune gindin bango. Ranar tun la'asar duhu ya rufe ta, washegari kuma bai sake ta ba sai hantsi. Kullum yana zuwa da wuri, yana tafiya a makare.

"Baban yarinya," in ji Yalwa, muryarta ba ƙarfi, "wurin ganinta ya rage kamar tafin hannu. Ka hwaɗa mini mi ka yi."

Ya faɗa mata. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ɗauko takalmansa ta ajiye a gabansa, ta ce ya tahi Galma Koudawatché ya zo da Malam Idris.

Malam Idris ɗan siririn tsoho ne, ba shi da yawan magana. Sun iso ranar Talata da yamma, a ranar kuwa yarinya ba ta ga komai ba sai ɗan lokaci da azahar. Malam ya zagaya rumbun sau ɗaya, ya yi sallama da ƙarfi kamar mai shiga gidan mutane. Ya sa aka zaunar da Mardiya a tabarma, Yalwa ta riƙe ta ta baya, aka ajiye fulash a tsakiya. Sannan ya dubi Kalla.

"Duk abin da ka ji, kada ka tanka. Su da maganar bakin mutum suke kama shi. Ka ji ni?"

"Na ji, Allah gafarta Malam."

Bayan magariba ya fara karatu. Ya daɗe yana yi, murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Iska ta ɗauke. Can wuyan yarinya ya sandare, kanta ya juya sannu a hankali wajen ubanta, bakinta ya buɗe, wata murya mai kauri ta fito, muryar macen da ta sha kuka.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni a banza, ni aka zalunta."

"Wace ce ke?"

"Kakansa ya san sunana. Shekara tamanin ina cikin rumbun nan. Shekarar da fara ta cinye ƙasar Adar, gidanga bai kwana da yunwa ba, ni na tsare. Abu ɗaya na roƙa, a bar ni cikin duhuna. Kwana shida da haihuwata wanga mutum ya buɗe mini ɗaki, ba sallama. Ɗana shina kwance idonsa sama. Sau uku, Malam. Sau uku. Har yau bai ga fuskata ba."

Yalwa ta fashe da kuka ba sauti.

"An zalunce ki," in ji Malam. "Amma yarinyar ga mi ta yi miki?"

"Ɗa da ɗiya. Ya ɗanɗana abin da nike ɗanɗana. Ido da ido, ba haka yake a littafinku ba?"

"Wancan hukuncin mai ganganci ne. Bai san da jinjiri ba. Kuma ba a kama wani da laifin wani."

"Ya san wasiyya."

"Ya sani, ya saɓa, zai tuba. Ki saki yarinya."

"A yanka mini baƙin bunsuru a gindin rumbu."

"Ba a yanka don kowa sai Allah."

"To in bar mata ido ɗaya."

"Duka biyu za ki bari."

Ya koma karatu, ya ƙara ƙarfi. Jikin yarinya ya riƙa karkarwa, duwatsu suna zuba a kan kwano kamar ƙanƙara. Muryar ta fara rauni, tana cewa a dakata, a dakata za ta yi magana. Malam bai dakata ba, don ya ga ta kusa sallamawa. Sai kwatsam muryar ta ɗauke, ta yarinya ta fito, ƙarama, a tsorace.

"Baba? Baba, kana nan? Duhu, Baba. Idona zafi."

Mardiya ɗiyar fari ce, Kalla bai taɓa kiran sunanta da bakinsa ba saboda kunya. Ranar ya kira.

"Mardiya! Ga ni!" Ya faɗi a gwiwa. "Ke baiwar Allah, ki ɗauki nawa ki bar nata!"

Jifa ya tsaya cak. Malam Idris ya runtse ido, ya sunkuyar da kai.

"Kun ji da kunnenku," in ji muryar mai kauri, a natse. "Ba ni na tambaya ba, shi ya bayar."

"Kalla, Kalla," in ji Malam. "Da ka ƙara haƙuri kaɗan." Ya ja numfashi, ya juya ga yarinya. "Da idanun nan yake ciyar da gidan da kika yi alkawarin tsarewa. In kin ɗauke su ke ma kin saɓa."

A bayan ɗakuna wani abu ya yi ɗan kuka, aka rarrashe shi.

"Ɗaya," in ji muryar. "Wanda ya leƙa da shi. Ya haska shi da abin da ya haska ɗana."

"Ki bar gidan ga yau, ke da ɗanki, ki koma duwatsu. Ba ke ba zuriyar Kalla har abada. Ki rantse da wanda ya halicce ki daga wuta."

"Na rantse."

"Kalla, ban umarce ka ba," in ji Malam. "In ka ce a ci gaba da karatu, za mu ci gaba ko kwana nawa ne. Sai dai ban san ko idon yarinya zai kai ba."

Fulash ɗin da ke tsakiyar tabarma, wanda ba pil a cikinsa, ya fara kukansa. Ƙarar ta hau, ta hau, har haƙora suka ɗauka. Kalla ya dubi ɗiyarsa, ya dube ta sosai da idanunsa biyu. Ya ce bisimilla, ya ɗauki abin, ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya kafa gilashin a kan na dama, ya danna.

Gidan duka ya yi fari, har inuwar rumbu ta faɗa kan bango. Mardiya ta yi atishawa sau uku ta sulale a jikin uwarta. Wata ƴar guguwa ta taso daga bayan ɗakuna, ta bi gefen katanga a hankali kamar mai ɗauke da kaya, ta fita ta ƙofar baya ta nufi tudu.

Yarinya ta buɗe ido. "Inna, mi ya sa kike kuka? Wane ne wanga tsoho?"

Malam ya naɗe fulash ɗin, wanda ya yi baƙi yana warin ƙuna, ya binne shi can bayan gari. Ba a sake jifa a gidan ba.

Likita a Madaoua ya duba idon Kalla ya ce bai ga ciwon komai ba, amma idon bai ƙara ganin haske ba. Kalla bai sake sayen fulash ba. Yakan jera mutane da hantsi a jikin farin bango, ya koyi leƙa kamara da idon hagu, hotunan farko duk a karkace. Mardiya ba ta tuna komai na kwanakin nan ba, shi kuwa ya hana a gaya mata.

Bayan wata biyu, damina ta sauka, ya dawo daga gona ya zauna a ƙofar ɗaki. Mardiya ta kawo masa ruwa a kwanon sha, ta durƙusa ta damansa ta miƙa. Bai karɓa ba. Yana kallon gabansa, yana goge zufa. Ta ɗaga kwanon har kusa da kuncinsa, bai ƙifta ba. Ta daɗe a durƙushe tana duban idon nan mai kyau, garau, wanda bai san tana wurin ba. Ta waiwaya ta dubi uwarta a madafa, Yalwa ta sunkuyar da kai.

Yarinya ta tashi a hankali, ba ta bari ruwan ya zube ba. Ta zagaya ta bayansa, ta durƙusa ta hagunsa.

"Baba, ga ruwa," ta ce.