Ɓarawon Da Ya Kai Mota Feshin Tsatsa

Da tsakar ranar wata Talata ta farkon sanyi, wata mata ta bugo waya ofishin 'yan sanda ta ce an sace mata mota a ƙofar gida.

Sufeto Marchuk ne ya je. Dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, manyan motocin hukuma sun bi tituna sun watsa gishiri don ya narkar da ita, ko'ina ya zama taɓo mai ruwan toka.

Matar na tsaye a bakin ƙofa. Sunanta Irja Rantala, nas ce a asibitin gari, ta haura shekara arba'in, kuma wannan ce sabuwar mota ta farko da ta taɓa saya a rayuwarta.

"Yaushe rabonki da ita?" in ji Sufeto.

"Da na taso daga aikin dare. Na ajiye ta nan, na jona mata wuta don kada injin ya daskare, na shiga na kwanta. Ina farkawa na ga fili. Fara ce, Yallaɓai. Ko ledar kujerun baya ban cire ba."

"Makullai fa?"

"Ga nawa. Ɗayan yana durowar kicin, na duba."

"Wa ke gidan bayan ke?"

"Babana. Amma shi ka cire shi a lissafi." Ta rage murya. "Idonsa ya mutu, bara aka karɓe masa lasin. Na rantse masa duk ranar da ya sake taɓa sitiyari, ranar zan kai shi gidan kula da tsofaffi. Ya san ba na wasa. A gidan nan mahaifiyata ta rasu, ba zai yi abin da zai raba shi da shi ba."

Tsohon na zaune a kicin ya dafe kofin gahawa da hannu biyu. Veikko ne sunansa, gajere, mai faɗin kafaɗa, kansa fari fat.

"Dattijo, ka ji motsi da safen nan?"

"Ni? Na fita shan iska bakin tabki. Na dawo na tarar tana ihu."

"Bakin tabki, a wannan sanyin?"

"Wannan ne sanyi? Ku yaran yanzu, iska kaɗan ta kaɗa sai ku nemi bargo."

Sufeto ya yi murmushi ya fita. A inda motar ta kwana babu fasasshen gilashi. Ya nemi igiyar wutar da aka jona mata. Ɓarawo fizge irin wannan igiya yake yi, wani ma ya ja ta a ƙasa har titi. Wannan kuwa an zare ta, an naɗe ta tsaf, an rataye ta a ƙusa jikin bango.

Ya daɗe yana kallon igiyar nan.

Kafin la'asar aka gano motar a filin bayan wata coci da ke gangaren tudu. Sajen da ta gano ta na tsaye tana buga ƙafa a ƙasa don sanyi.

"Fitilar dama ta fashe, Yallaɓai, bamba ta lotsa. Amma zo ka ga abin mamaki."

Ta nuna masa ƙasa. Daga gindin kowace ƙofa wani baƙin mai yana ɗiga kan dusar ƙanƙara, ya ja layi biyu, dama da hagu. Sufeto ya buɗe ƙofar direba. A gefenta an huda 'yan ƙananan ramuka, an toshe kowanne da baƙar roba. Ƙamshin man ya cika motar.

"Feshin tsatsa, man da ake ɗura wa mota ta ciki don kada gishiri ya ci ƙarfen," in ji shi. "Kuma na yau ne."

"Irin wannan ɓarawo, ina ma tawa ya sata," in ji Saje. "Gishiri ya cinye ta har ina hango titi ta ƙarƙashin ƙafata." Sai ta bar dariyar. "Akwai wani rahoto kuma. Da hantsi wata farar mota ta hau gefen titi a wurin jiran bas, can sama, ta bugi ƙarfen alama. Ƙarfen ya faɗo wa wata mata, ta karye a hannu. Motar ba ta tsaya ba."

Sufeto ya kira Irja a waya.

"An samu motarki. Ke kika kai ta feshin tsatsa?"

"Ni? Allah ya kiyaye! Waɗanda suka sayar mini sun ce ƙarfen motocin yanzu da maganinsa yake fitowa, kuma in aka huda ta, garantin tsatsa ya tashi. Abin da muke ta rigima a kai ke nan da…"



"Da wa?"

"Ba kowa, Yallaɓai," in ji ta. "Kowa dai da ra'ayinsa."

Gaskiya ta faɗa a nan. A garin nan mutum biyu ba sa zama shan gahawa a farkon sanyi ba su taɓo wannan gardama ba. Wasu sun ce motar da ba a yi wa feshi ba gishiri zai cinye ta ta ciki, mai ita yana goge fenti yana murna. Wasu sun ce yaudara ce ta masu gareji. An ɓata abota a kan maganar nan, kuma har yau ba wanda ya sauya ra'ayin wani.

Masu feshi da yawa sun daina huda mota. Wanda ya rage yana yi a wannan ɓangare na gari shi ne Aldo Bertolo, tsoho mai gareji a bayan layin dogo. Sufeto ya same shi yana goge hannu da tsumma.

"Aldo, an kawo maka sabuwar mota yau?"

"Sabuwa? A nan? Yallaɓai, dubi wurin nan. Gawarwaki ake kawo mini."

"An huda ta an toshe da baƙar roba. Aikinka ne, na san hannunka. Kai ka yi wa motar ubana."

Aldo ya sosa ƙeya. "Af, wannan. Na tuna. Wani saurayi ne, dogo, baƙo. Ban san shi ba."

"Baƙo ya zo da sabuwar mota, ka ɗauki ƙarfe ka huda, ba ka tambaye shi ko tasa ba ce?"

"Ni makaniki ne, ba alƙali ba."

"Ka gaya masa za ta yi ɗiga?"

"Kowa nake gaya wa tun ranar da ya nemi layi. In ce ya tanadi kwalaye a gida ya shimfiɗa mata, in ba haka ba man ya ɓata siminti, matar gida ta kore shi."

"Ashe ya nemi layi tun kafin yau. Ɓarawon ya san ranar da zai yi sata ke nan."

Aldo ya ci gaba da murza tsumman a hannunsa.

"Akwai mata a asibiti da karyayyen hannu, Aldo. Motar nan ce."

Tsumman ya faɗi daga hannunsa. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

"Na ce masa ya bari in mayar da ita da kaina," in ji shi a hankali. "Jakin tsoho. Ya ce ya san titunan garin nan ko da an rufe masa ido." Ya ɗago kai. "Ba zan faɗi suna ba, Yallaɓai. Tun muna samari muke tare."

"Ban tambaye ka ba."

Abin da Aldo ya yi ba abota ba ce. Wanda ya ga makaho ya shiga mota ya kunna, ya tsaya yana ɗaga masa hannu don gudun ɓacin ransa, da hannunsa a duk abin da ya biyo baya.

Sufeto ya koma gidan Rantala, amma ta baya ya zaga. A bayan tulin itacen hura wuta ya samu abin da yake nema: manyan kwalaye, an farke su an baje, an haɗa su da salatif daidai tsawon mota. Ya ɗauki ɗaya ya shiga kicin da shi, ya jingine jikin tebur.

Irja na tsaye bakin tagar da ke kallon titi, idonta ya yi ja. Veikko na nan inda aka bar shi.

"Dattijo, wannan na mene ne?"

Tsohon ya miƙa hannu ya shafa kwalin. "Na hura wuta ne."

"Mutum ya haɗa kwali da salatif don ya ƙona?"

"Gidana ne. In na ga dama in yi masa fenti ma."

"Baba," in ji Irja.

Veikko ya juyar da fuska wajen muryarta. Sannan ya ture kofin gefe.

"Zauna, Yallaɓai, tsayuwarka na sa ni ciwon wuya. Ka san aikin da na yi?"

"A'a."

"Motar gishiri na ja wa hukuma, har na yi ritaya. Gishirin da ya ci motar ubanka, ni na zuba shi. Na san halinsa. Ba fenti yake fara ci ba. Cikin ƙofa yake shiga, ya kwanta a kan bututun birki, inda ba mai leƙawa. Yarinyar nan da asuba take tasowa, ido duk barci, ta gangaro tudun asibiti a kan ƙanƙara. Na roƙe ta, ta ce wani yaro mai kwat ya ce ba sai an yi ba."

"Ba yaro ba ne, Baba, masu sayar da motar ne! Kuma ka kashe mini garanti."

"Garanti zai tsayar miki da mota a gangare?"

"Sai ka ɗauki makulli," in ji Sufeto.

"Na ɗauka. Na ce kafin ta farka na je na dawo, in shimfiɗa kwali, ta fito ta yi faɗanta ta gama. Ramin da aka huda ai ba ya komawa." "A dawowa rana ta fito, ta haske ƙanƙara, komai ya zama fari. Na ji na bugi ƙarfe. Tsoro ya kama ni, na gangara bayan coci na ajiye ta, na tako da ƙafa. Makullin na mayar durowa. Ƙarfen hukuma ne, Yallaɓai, a rubuta mini laifin."

"Ba ƙarfe kaɗai ba ne. Akwai mata a gindinsa tana jiran bas. Ya faɗo mata, ta karye a hannu."

"Wace mata?"

"Tana sanye da jar rigar sanyi."

"Babu kowa a wurin." Ya dubi Sufeto, ya dubi 'yarsa. "Babu kowa, na duba. Ja fa ka ce?"

Sufeto ya gyaɗa kai.

"Ja," ya sake cewa. "A kan farar ƙanƙara. Ban gan ta ba."

Mutane na son su ce niyya mai kyau tana wanke laifi. Ba ta wankewa. Tsohon nan don tsoron kada 'yarsa ta ji rauni nan da wasu shekaru ya karya 'yar wani da safe. Abin da za a yaba masa shi ne, da ya gane, bai nemi wanda zai ɗora wa ba.

"Irja," in ji shi, "ki kira mutanen gidan tsofaffin nan. Kin rantse, kuma ke ce da gaskiya. Ki tambaye su ko za su bar ni in tafi da kujerar mahaifiyarki."

Sufeto ya miƙe. "Sai mun je ofis tukuna, Dattijo. Tuƙi ba lasin, da barin wurin haɗari. Za ka yi bayani, sauran na alƙali ne."

"Na ji."

Irja ta fita zaure ta dawo da takalmansa. Ta durƙusa a gabansa ta sa masa, tana ɗaure igiyar da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

"Ba wanda zan kira," in ji ta, kanta a sunkuye. "Ni na yi rantsuwar, ni zan ji da ita. Ɗakinka na nan. Amma ranar da Yallaɓai ya sake ka, zan kai ka asibiti ka tsaya gaban matar nan ka ba ta haƙuri da bakinka. Kuma kana kujerar gefe."

"A motar da ke ɗiga?"

"A ita, tsoho mai taurin kai. Ɗaga ƙafar."

Sufeto bai fito da ankwa ba. Ya riƙe shi a gwiwar hannu suka sauka matakala, Irja na biye da hularsa. Da suka isa motar 'yan sanda, Veikko ya miƙa hannu zai buɗe wa kansa ƙofa, ya yi ta laluben ƙarfen bai sami mariƙin ba.

Sufeto ya kama hannun ya ɗora masa a kai, ya bar shi ya buɗe da kansa.