Karatun Bakin Turmi

A can wani gari, an yi wata yarinya da karatu ba ya zama a kanta. Ta karanta, ya gudu. Ta maimaita, ya sake gudu. Ga jarrabawa ta matso.

Wata rana tana daka da kakarta, sai ta riƙa kiran sunayen koguna da kowane bugun taɓarya. Kafin gero ya daku, sunayen sun zauna daram.

Kaka ta ce, "Ke 'yar nan, ashe da turmi kike ganewa!"

Ranar jarrabawa malam ya ji ƙafa tana buga ƙasa, dim, dim. Ya ce, "Wa ke mini daka a aji?"

Yarinya ta ce, "Ni ce, Malam. Saura kogi ɗaya in sauke taɓarya."