Gurbin Boris Ɗaya

Wata Talata a shekarar 1979 Safiyatu ta fara tsayawa a rumfar Labaran mai gyaran keke, a bakin titin Sharada, ɗauke da tayar baya a ka kamar faifai. Ta keken mahaifinta ce, Malam Gwadabe, ma'aikacin kamfanin fata a Challawa.

Labaran ya juya tayar kusa da kunnensa.

"Gangar tsakiya ce ke kuka. Boris ɗin ciki sun cinye."

"Kai da kunne kake gyara?"

"Da shi nake ganewa. Yanzu ma ya jiyo mini muryar da ba zai manta ba."

Ta ja mayafi ta rufe baki, amma ba ta tafi ba. Tana kallo ya kwance gangar, ya wanke ta da kananzir, ya shafa sabon giris, ya jera boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan, ɗaya bayan ɗaya.

Kafin damina ta wuce, Labaran ya nemi izinin zuwa zance.

Malam Gwadabe ya shiga damuwa. Safiyatu kaɗai Allah ya bar masa, yaron kuma baƙo ne daga Ringim, ba a san gidansu ba. Ya ce aikin mutum shi ne halinsa. Ya ɗauko sifana ya buɗe gangar tayar da Labaran ya gyara da kansa, sai ya ga gurbi a jerin boris.

"Safiyatu! Zo ki gani. Ya rage ɗaya, ya rufe da giris. Wanda ya ci amanar ƙarfe, yaya zan ba shi amanar mutum? Kada ya sake taka ƙofar gidan nan."

Ya sayo boris ɗaya, ya cusa a gurbin, ya ɗaure.

Safiyatu ta aika takarda ta hannun ƙawarta Ladidi:

"Sahibina, Baba ya ce ka yi masa ha'inci. Zuciyata ta ƙi yarda, amma idona ya ga gurbin. Faɗa mini gaskiya."

Amsa ta zo da tabon giris a gefe:

"Safiyata, sanyin idona, haka ake barinsa don boris su sami wurin juyawa. In an cika, taya ba za ta yi nisa ba. Kada ki yi musu da Baba. Ki dai hana shi hawa."

Ta faɗa wa mahaifinta, bai saurara ba.

Washegari, kafin ya kai rabin hanyar Challawa, tayar ta fara gurnani, sannan ta cije. Aikin ranar ya wuce shi. Ya juyo yana jan keken cikin rana, kuma rumfar Labaran ce mafi kusa. Ya tarar da abokan aikinsa na dare sun taso, suna zaune a benci.

"Malam Gwadabe, wa ya yi maka wannan ɓarna?" in ji ɗayansu. "Faɗi sunansa mu guje shi!"

Labaran ya buɗe gangar. Ya zare boris ɗin da aka ƙara, ya damƙe shi a tafin hannu, ba wanda ya gani sai dattijon.

"Tsohon ƙarfe ne, sai ana lallaɓa shi. Ku zauna a inuwa, Baba, yanzu za ta tashi."

Da mutane suka watse, Malam Gwadabe ya juyo wurin Labaran.

"Na kira ka maha'inci a gaban 'yata. Me ya hana ka tona ni a gaban mutane?"

"Ku ne mahaifinta, Baba."

Dattijon ya goge ido da hular kansa.

"Ka turo manyanka daga Ringim."

Bayan babbar Sallah aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Malam Gwadabe ya riƙe hannun Labaran.

"Ba ta cin yaji da yawa, kuma in ta yi shiru, to tana da damuwa, ka tambaye ta. Allah ya yi muku albarka, ya rufa muku asiri duniya da lahira."

Daga cikin lulluɓi, Safiyatu ta ce amin tana kuka.