Lefe a Jakar Goyo

"A mayar musu da kayansu."

Daga bayan labule Lailatu ta ji muryar Umma. Tun safe amaryar take rawar ƙafa, ta kasa zama ta kasa ci, don yau dangin Uwais suke kawo lefenta. Matan unguwarsu ta Shumaisi a Riyad sun cika falo, kowa ta gyara zama tana jiran jerin akwatuna. Sai ga Gwaggo Hansai, ƙanwar baban ango, ta shigo tana jan jakunkunan goyo guda biyu, irin na masu yawon duniya a ƙafa.

Babu akwati ko ɗaya.

Aka zuge ta farko, aka shiga ɗaga kaya kamar yadda aka saba. Rigar ruwa. Gidan sauro. Kambas. Abayoyi marasa nauyi.

"Wannan lefe ne ko kayan gudun hijira?" in ji Khairat, 'yar ƙanwar Umma, tana dariya har da riƙe ciki.

"Na faɗa wa yaron nan, bai ji ba," Gwaggo Hansai ta ce a sanyaye.

Abin haushin, ita Lailatu kayan sun burge ta ƙwarai. A Riyad aka haife ta, ruwan sama in ya sauka sai a fito ana ɗaukarsa a waya. Tun da aka sa rana suke tsara tafiyar bayan biki zuwa Indonesiya, kullum suna musu mai daɗi a kan kwanakin farko. Shi yana so su sauka su wuce hawan dutse kai tsaye, ita ta ce sai sun yi barci a Jakarta tukun, su ci shinkafar bakin titi, sannan su hau jirgin ƙasa ta cikin gonaki. Rannan cikin zumuɗi ta ce masa, "Ni jakar goyo ta fi mini akwati goma."

Ashe bawan Allah ya riƙe maganar da hannu biyu.

Amma kowa ya sani, in lefe ya koma, aure ya koma. Ta ɗaga labule ta fito, duk da amarya ba ta fitowa ranar.

"Umma..."

"Koma ciki."

"Umma, ni na ce ina so. Wallahi ni na ce."

"Ke kika ce? To ni ban haife ki don a kawo lefenki a buhu ba. Gobe Kano ta ji an ɗauki 'yata, ni Dije, a arha!"

Khairat ta taɓe baki. "Ai direba ne, Anti. Abin da ya iya ke nan."

Lailatu ta bi ta da kallo. Ba yau ba ta lura da yadda Khairat take gyara mayafi duk sanda Uwais ya zo zance.

Shi kuwa yana ƙasa cikin mota, shi ya kawo matan. Gwaggo Hansai ta kira shi a waya, ya hawo da gudu, ya durƙusa a bakin ƙofa yana haki.

"Umma, ku yi mini afuwa. Ni a nan na tashi, ban san girman abin ba. Sai da na tambayi Khairat, ta ce akwati tsohon yayi ne, ku ma haka kuke so."

Khairat ta shiga laluben wayarta a jaka.

Umma ba ta ko kalle ta ba. Ta miƙe ta kama jakar farko don ta tura masa abarsa, sai ta ji ta sakayau, hannu ɗaya ya ɗaga ta. Ta kama ta biyu, ko motsi ba ta yi ba.

"Wace ce tata?"

"Wadda kuka ɗaga."

"Wannan fa, duwatsu ka zuba?"

"Tawa ce. Amma kayanta ne a ciki, takalma da magunguna da gorar ruwa da darduma." Ya sunkuyar da kai. "Ranar farko akwai tafiya daga tasha zuwa masauki, ga zafi ga ruwa. Na auna na ga kafaɗarta ba za ta iya ba."

"Naka kayan suna ina?"

"Riga biyu sun ishe ni."

Lailatu ta ji son sa ya cika mata ƙirji har ta rasa inda za ta sa idonta.

Umma ta ɗaga kai. Ta ƙofar ɗakinta ana hango akwatunan nata lefen a saman kabad, manya masu kyau, sun yi ƙura. Tun da suka zo Shumaisi ba su taɓa zuwa ko'ina ba, ita ma haka.

"A can ɗin," ta ce a hankali, "da gaske kullum ana ruwa?"

"Kullum, Umma," Lailatu ta amsa. "Ko'ina kore shar, har rufin gidaje."

Umma ta koma ta zauna, ta gyara ɗankwali.

"Kalas, shi ke nan, an karɓa. Amma akwatuna su biyo baya kafin ɗaurin aure, ba zan shiga bakin duniya ba. Hansai, ina masu guɗar?"

Guɗa ta tashi har maƙwabta suka leƙo. Khairat ta sulale ba sallama.

Bayan biki, a filin jirgi, Lailatu ta goya jakarta a kan abaya tana juyi kamar 'yar makaranta.

"Habibti, masoyiyata, tsaya mana, mutane na kallo," in ji Uwais.

"Su kalla. Barci a Jakarta tukun, ka yarda?"

"Na yarda, ranki ya daɗe."

Umma ta fito da ƙaton ƙullin kilishi da dambun nama daga ƙarƙashin mayafi. Lailatu ta juya mata baya don a saka.

"Matsa can," Umma ta ce, idonta ya ciko. Ta zuge jakar Uwais ta danna ƙullin da ƙarfi. "Shi na ba ɗaukar kayan."